Kwamfutar shago: Shin dole sai da katin hoto mai tsada?

Duk shekara idan kaka ta yi, aka sayar da riɗi da wake da gyaɗa, mata kuma suka fasa asusu, akwai wata tambaya da ke yawan iske mu a gidan rediyo daga Waca da Magarya da Dungas da ƙauyukan da ke kewaye da su. Tambayar ita ce, wace irin kwamfuta ya kamata a saya wa yaro ya buɗe shago? A shekarun baya idan uwa ta tara 'yan kuɗinta, tunkiya take saya ta ɗaure, ko keken ɗinki, ko ta haɗa wa ɗanta kuɗin babur ya shiga kabu-kabu. Yanzu an samu ƙari. Yaro ya gama makaranta, ya riƙe takardar BEPC ko ma ta BAC, aikin gwamnati babu, shi kuma hannunsa ya iya na'ura, sai uwa ta ga gara ta kama masa ɗan shago a bakin kasuwa, yana buga wa mutane takardu, yana wanke hoton fasfo, yana tura wa matasa fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai a waya, da ya bi ayarin masu tafiya Libiya ko Aljeriya.

Kuɗin nan ba tsintuwa ba ne. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, wanda daga baya ya bazu a faɗin Nijar har ya tsallaka wasu ƙasashe, iyayenmu mata ke zubi duk mako, kuma kowacce ta san irin ranar da ta sha a kasuwa kafin ta haɗa jika goma. Shi ya sa idan muka ga ana raba su da wannan gumi a kan wani ƙarfe da ba su san amfaninsa ba, ba ma iya yin shiru. Ƙarfen da muke nufi shi ne wanda masu gyara na Damagaram ke ce wa “kart girafik”, na Kano su ce “girafik kad”, mu kuma a nan za mu kira shi katin hoto.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne abin da ya samu wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda ta daɗe tana sauraren shirinmu. Ta tura ɗanta Kano da kuɗin da ta kusa shekara biyu tana tarawa. Yaron ya yi dace, ya samu kwamfutar tebur 'yar Beljiyam, wato okaziyo, mai lafiya, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamarwa bayan 'yan shekaru. Har an gama ciniki, sai mai shagon ya ce masa ai wannan ba ta da katin hoto, kuma kwamfutar da ba kati ba za ta taɓa yin aikin bidiyo ba. Yaro ya tsorata, ya zaro kuɗin da ya ware don sayen batir, aka soka masa kati, kwalinsa na ta ƙyalli da manyan lambobi. Da ya dawo gida, aikin farko da ya samu shi ne bidiyon wani biki da aka ɗauka da sabuwar waya, aka ce ya rage masa nauyi ya tura wa dangin amarya. Bidiyo ya ƙi tafiya, sai tsalle yake yi, murya na gaba hoto na baya. Hajiya ta kira mu ranta a ɓace, tana tambaya ko an cuci ɗanta ne. Muka ba ta haƙuri, muka ce a bari mu gani da idonmu tukuna.

Kafin mu faɗi abin da muka gani, bari mu yi wa mai karatu bayanin katin nan. Duk abin da ido ke gani a sikirin, rubutu ne ko hoto ko fim, ɗigo-ɗigo ne masu launi. Sikirin irin na yau mai lamba 1920 da 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, kuma sau 60 ake sabunta su a cikin daƙiƙa guda. Dole a samu wani sashe a cikin na'urar da zai riƙa wannan zane ba hutawa. To sashen nan iri biyu ne. Akwai wanda aka gina shi a cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tun daga kamfani, suna cin abinci a kwano ɗaya. Akwai kuma wanda ake sayowa daban a soka a ciki, da fankarsa da ma'ajiyarsa da cin wutarsa. Saboda haka idan mai shago ya ce maka kwamfuta ba ta da katin hoto, alhali ga ta a kunne kana ganin rubutu kuma ba a soka mata komai ba, abin da yake nufi shi ne ba ta da na biyun. Na farkon yana nan, shi ne ma ke nuna maka abin da kake gani.

Kamfanoni uku ne, dukkansu na Amurka, ke riƙe da wannan kasuwa. Akwai NVIDIA da aka kafa a 1993, wanda ya fito da katin GeForce na farko a 1999. Akwai AMD, wanda a 2006 ya saye kamfanin ATI na Kanada mai yin katin Radeon a kan sama da dalar Amurka biliyan 5. Sai Intel, wanda tun 2010 yake haɗa sashen hoto da furosesoshinsa na Core. Manyan katunan da ake sokawa ba don mai buga takardar neman aiki aka yi su ba. An yi su ne don masu wasannin kwamfuta da masu zanen gine-gine da masu haɗa fina-finai. Daga baya masu haƙar kuɗin intanet suka afka musu, a 2017 da kuma 2021, har suka yi wuyar samu, sannan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, suka shiga wawashe kayan NVIDIA, abin da ya sa a watan Oktoban 2025 darajar kamfanin ta kai dalar Amurka tiriliyan 5. Wannan suna ne ke biyo katin har Titin Beirut da Farm Centre a Kano da Kasuwar Dole a Damagaram, yaro ya ji an ce NVIDIA, ya ɗauka duk abin da ke ɗauke da sunan zinariya ne.

Amma mu duba aikin da shagon bakin kasuwa ke yi daga safe zuwa dare. Buga wasiƙa a Word, lissafin kaya a Excel, cike fom a intanet, gyara hoton fasfo, zana katin biki da na suna a CorelDraw ko Photoshop, kwafar fim zuwa memori. A duk waɗannan, sashen da ke cikin furosesa ya wadatar har da saura. Kwafar fim zuwa waya ma ba ruwanta da katin hoto ko kaɗan, saurinta yana ga faifan ajiya da kebul da memorin da ake turawa ciki. Mun sha jin ana cewa kwamfuta mai kati ta fi fitar da hoto garau a takarda. Ba haka ba ne, wannan aikin firinta ne da tawada da takardar kanta. Ko a tasharmu, kwamfutocin da muke yanka murya da haɗa shirye-shirye da su babu wadda aka soka wa kati, kuma ba mu taɓa makara da labarai saboda haka ba. In mun makara, wuta aka ɗauke.

Abin da ya fi kamata Alhaji ko Hajiya su tambaya shi ne shekarun furosesa. Masu sayarwa sun saba cewa “Core i5 ce” ko “Core i7 ce” su yi shiru, alhali wannan sunan gida ne kawai, kamar a ce maka wane ɗan gidan wane ne, ba a faɗa maka kakan ne ko jikan ba. Lambar da ke bin sunan ita ke tona asiri. A kwamfutar tebur, i5-2400 'yar zuriya ta 2 ce, ta 2011. i5-4570 ta 4 ce, ta 2013. i5-6500 ta 6 ce, ta 2015, i5-8500 kuma ta 8, ta 2018. Idan lambobin suka kai biyar, kamar i3-10100, biyun farko ake karantawa, zuriya ta 10 ke nan, ta 2020. Kuma wannan i3 ɗin ta 2020 ta fi i7 ta 2011 gudu, ko da sunan waccan ya fi cika baki.

Lambar tana da muhimmanci ne musamman saboda bidiyo. Kowane fim a dunƙule yake zuwa, kamar yadda ake danne kaya a dila a ɗaure, kuma sai an kwance shi kafin a kalla. Tsohon salon ɗaurin shi ne H.264, wanda kusan kowace kwamfuta ta iya kwancewa. Sabon, wato H.265 ko HEVC, ya fi matse kaya, kuma da shi wayoyin iPhone ke ɗaukar bidiyo tun 2017, haka ma wayoyin Android da dama. Tun 2011 Intel ya sa wa furosesoshinsa wani ɗan sashe mai suna Quick Sync, wanda ba shi da aiki sai ɗaurewa da kwance bidiyo. A zuriya ta 6 ya fara iya HEVC, a ta 7 ya ƙware, har da VP9 da YouTube ke amfani da shi. Idan sashen hoto bai san ɗaurin ba, sai aikin ya koma kan furosesa ita kaɗai, ta yi ta nishi, fanka na ihu, hoto na tsalle.

To abin da muka tarar a shagon ɗan Hajiya ke nan. Mun je tare da abokin aikinmu da ke kula da na'urorin tasha. Da ya buɗe, furosesar i5-8500 ce, katin da aka soka kuwa GeForce GT 710 ne. Katin ba na jabu ba ne, kuma lafiyarsa lau. Sai dai ƙirarsa, wadda ake kira Kepler, ta 2012 ce, amfaninsa yana ga tsohuwar kwamfuta ko wadda ake son ƙara wa sikirin na biyu, bai san HEVC ba, kuma UHD 630 da ke cikin furosesar yaron ya fi shi ƙarfi. Wato an karɓi kuɗin yaro, an ɗaure masa dokinsa an ba shi jaki ya hau. Abokin namu ya zare katin, ya mayar da kebul ɗin sikirin ramin kwamfutar na asali, ya kunna. Nan ma rubutu ya fito manya-manya, bidiyon bai daina tsalle ba, har yaron ya fara yi mana kallon ai ga shi nan. Mai gyaran ya yi dariya, ya ce saura direba.

Mota ba direba

Direba a nan ba mutum ba ne, wata 'yar manhaja ce, masu Faransanci su ce “pilot”. Shi ne tafinta tsakanin Windows da sashen hoto. Sunan ya dace, don kuwa ko wace irin mota ka saya, in ka miƙa ta ga wanda bai iya ba, a giya ɗaya zai yi ta jan ta. Sau da yawa kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwanninmu ana zuba musu Windows ne cikin gaggawa daga filas, ba tare da an haɗa su da intanet ba, sai Windows ya riƙe sashen hoton da wani direban wucin gadi wanda aikinsa kawai ya nuna hoto, ba ya taɓa ainihin ƙarfin da ke ciki. Alamominsa a bayyane suke: rubutu ya kumbura, da'ira ta koma kamar ƙwai, laftof ya ƙi rage haske, bidiyo ya riƙa sarƙewa. Gane shi ba wuya. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta dxdiag, a shiga shafin Display, ko Affichage in na'urar ta Faransanci ce. Idan aka ga sunan Intel ko AMD Radeon ko NVIDIA GeForce da lambarsa, direba na nan. Idan aka ga Microsoft Basic, ko “de base”, to mota ce ba direba.

Abokin namu ya sauko da direban Intel ya zuba, aka sake kunnawa, bidiyon bikin ya tafi sumul. Rage masa nauyi kuwa da manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, bayan an zaɓi Quick Sync, kafin a sauke shayi na biyu an gama.

Sai dai direba yana da wa'adi, kuma wannan shi ne abin da mai sayarwa ba ya faɗa. NVIDIA ya daina yi wa katunan Kepler na tebur, dangin GT 710 da yawancin GTX 600 da 700, sabon direba tun 2021, gyaran tsaro ma ya ƙare a watan Satumban 2024. A ƙarshen 2025 ya yi haka ga dangin GTX 750 da 900 da 1000, in ban da gyaran tsaro da ya yi alkawari har zuwa Oktoban 2028. AMD ya sallami Radeon HD 7000 da R7 da R9 a watan Yunin 2021. Intel ma a 2022 ya mayar da zuriya ta 6 zuwa ta 10 layin tsofaffi, sai gyaran da ya zama dole. Wannan ba ya nufin kati zai mutu ranar da wa'adi ya cika, zai ci gaba da aiki da tsohon direbansa. Rigima tana tashi ne ranar da aka sabunta Windows ko Photoshop, sabon ya nemi abin da tsohon direba bai sani ba, kuma babu wanda zai gyara. Shi kansa Windows yana da nasa wa'adin. Microsoft ya janye wa Windows 7 tallafi a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, sannan Windows 11 a hukumance ba ya karɓar furosesar Intel da ta gaza zuriya ta 8, in ban da 'yan kaɗan. Don haka idan aka ga 'yan zuriya ta 6 da ta 7 sun yi araha, a san dalili. Ga mai buga takardu da tura fim za su yi aiki. Ga wanda zai riƙa shiga asusun kuɗin mutane a intanet, mu dai ba za mu ba da shawarar a sauka ƙasa da ta 8 ba.

In za a tambaye mu wane direba ya fi sauƙin zama da shi ga mai shagon da ba shi da mai gyara kusa, za mu ce na Intel, domin Windows kan sauko da shi da kansa da zarar an haɗa intanet, kuma ba ya bukatar a yi ta taɓa shi. Na NVIDIA da na AMD ma Windows kan kawo su, amma cikakkensu daga shafin kamfani ɗaruruwan megabayit ne, wani ya haura 600, kuma yawancin abin da ake sabuntawa a cikinsu don sababbin wasanni ne. Wanda ke sayen intanet na jika-jika ba shi da dalilin bin kowane sabon direba. In na'ura na aiki lafiya, a ƙyale ta. A kuma yi hattara da manhajojin nan masu cewa za su sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, da tarin direbobin da ke yawo a filas daga shago zuwa shago. Mun ga inda suka zuba wanda bai dace ba sikirin ya yi baƙi ƙirin, mun ga inda suka shigo da bairos. Laftof kuwa gara a nemi direbansa a shafin kamfanin da ya ƙera shi, da lambar da ke manne a ƙarƙashinsa.

Wuta da zafi

Sai maganar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya a nan, wato wuta. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. A watan Mayun 2023 kuma aka cire tallafin mai a Najeriya, man ruwa-ruwa da ƙananan injinanmu suka dogara da shi ya yi tashin gwauron zabi. Shaguna da yawa a yankinmu da sola da batir suke aiki, ko da ɗan gurup. To ga lissafi. GT 1030 wat 30 yake ci, GTX 1650 wat 75, GTX 1060 wat 120, RTX 3060 wat 170, RX 580 wat 185, babban RTX 4090 kuwa wat 450, shi kaɗai ban da sauran kwamfutar. Gaskiya ne sai suna cikin aiki mai nauyi suke kai wannan, amma ko a zaune suke suna lasar wani abu. Laftof ɗin ofis gaba ɗayansa har da sikirinsa, cajarsa wat 45 ce ko 65. Wato wutar da RX 580 zai sha yana aiki za ta kusa riƙe laftof uku. Ƙananan kwamfutocin ofis masu siririn jiki kuma akwatin wutarsu bai cika wuce wat 250 ba, in aka ɗora musu katin da ya fi ƙarfinsu sai su riƙa mutuwa da kansu ana tsakiyar aiki.

Wutar da kati ya ci kuwa zafi take komawa. A tuna da shagon kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka kamar an cusa auduga. A 2008 NVIDIA ya amsa cewa wasu ƙwayoyin hotonsa na laftof suna lalacewa fiye da ƙima, ya ware kusan dalar Amurka miliyan 200 don gyara, kuma matsalar ta shafi laftof na HP da Dell da Apple. Yawan ɗumama da hucewa ne ke tsinka mahaɗan da ke ƙarƙashin ƙwayar. Masu gyaran da suka daɗe a sana'a suna tuna laftof ɗin wancan zamani, a gasa shi da iska mai zafi ya farfaɗo, ya yi 'yan makonni ya sake mutuwa. In haka ta faru a ƙasashen sanyi, ina ga mu?

Akwai kuma tarihin katin kansa. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsari, haƙarsa da katin hoto ta ƙare, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka fantsama kasuwannin gwanjo na duniya, kuma RX 580 na cikin waɗanda aka fi yin haƙar da su. Wasu lafiyarsu lau, wasu fankarsu ta gaji, ido kuwa ba ya bambancewa bayan an goge an sa a sabon kwali. Ga na jabu, irin tsohon GTS 450 na 2010 da ake sauya wa suna a ciki ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. Wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana tona irin waɗannan. Ko a na gaskiyar ma akwai tarko. Lambar 2GB ko 4GB da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali girman rumbu ce, ba saurin mai ɗiba ba, shi ya sa GT 730 mai 4GB bai kama ƙafar GTX 750 Ti mai 2GB ba. GT 1030 kuwa iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4 da ya fito a 2018, na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba, kuma dukansu ba su da sashen ɗaure bidiyo, don haka mai rage nauyin fim bai ƙaru da su ba.

Ba cewa muke katin hoto ba shi da rana ba. Mai ɗaukar bidiyon biki da babbar kyamara, yana haɗawa a Premiere Pro ko DaVinci Resolve, yana gyara launi, kati mai kyau zai rage masa zaman jira kuma kuɗinsa zai fito. Haka mai zanen gini, haka mai gidan wasan yara in da kwamfuta yake yi, ko da yake yawancin namu PlayStation suke sawa. A irin wannan aiki NVIDIA ya fi samun goyon bayan manhajoji, AMD kuma sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi. Akwai ma kwamfutar da dole sai da kati. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da F, kamar i5-9400F, ba ta da sashen hoto, haka Ryzen na AMD na tebur da suka gabaci dangin 7000 in ba a ga G a ƙarshen lambar ba. Mai irin wannan in ya ji maganarmu ya zare kati, ko ɗigo ba zai gani ba, kada ya ce mu muka sa shi.

Da ɗan Hajiya ya tambaye mu tun farko, da mun ce masa mafi yawan nawar da ake ɗora wa rashin kati, tsohon faifan ajiya mai juyawa ne ke jawo ta, wanda masu gyara ke kira disk dur. A sa SSD Windows ya zauna a kansa, kwamfutar da ke cin mintoci kafin ta farka za ta tashi cikin daƙiƙoƙi, tsohon faifan kuma a bar shi ya zama rumbun fina-finai. RAM kada ya gaza 8GB, kuma da yake sashen hoto na ciki daga RAM yake ɗiba, sanda biyu masu 4GB sun fi yi masa daɗi a kan sanda ɗaya mai 8GB. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tsalle a duniya saboda kamfanonin AI ɗin nan, don haka a tabbatar yana ciki kafin a biya, kada a ce sai an dawo gida. Abin da ya rage a sa shi a batir da ondiler, don sauka da tashin wuta ya fi rashin kati kashe kwamfuta.

Wanda zai tafi saye ya tafi da filas ɗinsa ɗauke da irin aikin da zai riƙa yi, bidiyon biki da aka ɗauka da sabuwar waya, babban hoto, katin gayyata. A kunna a gabansa, da kati da kuma ba kati, ya bar ta tana aiki ya je ya yi salla ya dawo ya dafa jikinta ya ji zafin. A rubuta masa lambar furosesa da ta kati a rasit, da kwanakin da aka yarda ya dawo da kaya. Ɗan Hajiya bai yi ko ɗaya ba. “Kwamfuta 1” kawai aka rubuta a rasit ɗinsa, kuma da ya kira mai shagon kan ya karɓi katinsa ya mayar da kuɗi, sai ya ce ai kaya in ya tsallaka iyaka ya tsallaka. Katin yana nan cikin kwalinsa a kan kanta, yaron ya sa shi a kasuwa yana jiran mai tsohuwar kwamfutar da zai yi wa amfani. Batir kuwa sai an sake fasa asusu. Kafin nan, in aka ɗauke wuta, rufe shagon yake yi ya koma taya Hajiya ninke atamfa.